Layin da Ke Jikin Bangon Reino

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗaukar hoto, Mista Wesley Rowe, mai girma magajiyar gari da 'yan majalisarta da suka samu halarta, shugabar wannan ɗakin karatu, wadda ta ara mana bangonta shekara goma sha tara ba ta taɓa ƙorafin ƙusoshin da muke kafawa ba, alƙalanmu uku da suka yi doguwar tafiya domin mu, fastonmu, 'yan ƙungiya tsofaffi da sababbi, maƙwabta, 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda kofi da burodi kaɗai suka kawo su, domin na gan ku, kuma ban ga laifinku ba: salama a gare ku baki ɗaya, barkanmu da wannan yammaci.

Godiya ta farko ga Allah take, wanda ya fitar da mu daga hunturun bana lafiya, hunturun da ya binne motar Wesley har sau biyu. Ina godiya ga matan da suka toya burodi tun safe, ina godiya ga mazan da suka yi jigilar kujeru daga coci, ina godiya ga duk wanda ya daure ya kawo hotonsa aka rataye, alhali ya san bakin mutanen garin nan ba ya shiru. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Lorna Maki. Shekara talatin da ɗaya na yi ina raba wasiƙu a ƙafa a titunan nan, don haka babu ƙofar da ban sani ba, babu karen da bai san ni ba. Al'adar ƙungiyarmu ce wanda hotonsa ya zo na ɗaya bara shi ke buɗe baje kolin bana da jawabi, ya gaya wa jama'a yadda ake samo hoto a jikin bango da tsatsa da inuwa. Bara ni na ci. Zan cika al'ada, zan faɗi abin da na sani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka tun yanzu ina sanar da ku cewa hoton da kuka tafa mini a kansa ya kusa raba wani dattijo da gidan da ya yi shekara hamsin da shida a ciki. Zan zo kan wannan. Ku bar ni in fara da abin da aka gayyace ni in faɗa.

Abu na farko shi ne haske. Mu da muke ɗaukar kaushi da santsi, muke ɗaukar tsagewar katako da ɓawon fenti, ba abin da ke gabanmu muke ɗauka ba, yadda haske ya kwanta a kansa muke ɗauka. Da tsakar rana bango ba ya gaya maka gaskiya, komai nasa a shafe yake. Amma ka dawo lokacin da rana ta yi ƙasa, haske ya zo ta gefe yana shafar fuskar bangon, sai ka ga kowace tsaga ta sami inuwarta, kowane kan ƙusa ya miƙe tsaye. Saboda haka rabin aikinmu jira ne. Wata rana ina durƙushe gaban wani tsohon tankin ƙarfe a bayan gareji, mai garejin ya leƙo ya ce, "Lorna, lafiya kuwa? Wani abu ne ya faɗi?" Na ce, "Rana nake jira." Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dube ni, ya ce, "To ai ga ta can, tun safe ta fito." Ya koma ciki yana girgiza kai, kuma har yau in mun haɗu sai ya tambaye ni ko ta iso.

Abu na biyu shi ne layi. Ido matafiyi ne, kuma layi ne hanyarsa. Kafin ka danna, ka tambayi kanka ta ina layin nan ya shigo, ta ina zai fita, kuma me zai nuna wa ido a kan hanya. Layin da ya kwanta yana kwantar da hankali, wanda ya miƙe tsaye yana da nauyi, wanda ya karkata kuwa shi ke da motsi, shi ke jan mutum daga wannan kusurwa zuwa waccan. Garinmu cike yake da su, kyauta. Ga wayoyin lantarki a kan farin sama, ga inuwar matakala a jikin tsohon ofishin ma'adinai, ga shingen tare dusar ƙanƙara da iska ta lanƙwasa, ga jerin gidajen mahaƙa jan ƙarfe, rufi bayan rufi, duk siffa ɗaya. In ka sami jeri irin wannan, ka nemi guda ɗaya da ya saɓa wa sauran, domin nan ido zai huta. Ba sai ka je ko'ina ba. Ni ban taɓa ɗaukar hoton da ya fi tafiyar minti ashirin daga ƙofata ba.

Abu na uku shi ne yankewa, kuma nan ne alfaharinmu yake. Muna koya wa sabon shiga cewa ya matsa kusa, ya ƙara matsawa, ya fitar da duk abin da zai sa mai kallo ya ce ai wannan ƙofa ce, ai wannan mota ce. Muna so ya ga launi da siffa kawai. Shi ya sa ba ma rubuta inda aka ɗauki hoto, ba ma ba shi suna, sai lamba. Shi ya sa kuma alƙalanmu suke juya kowane hoto kai ƙasa kafin su ba shi maki, don su manta da ko mene ne, su ga ko siffofin za su tsaya da kansu. Wesley yana da karin maganarsa a kan haka, wadda duk mun haddace don dole: hoton da bai iya tsayuwa a kansa ba, bai iya tsayuwa da ƙafarsa ba. Shekara ashirin na yi ina bin wannan koyarwa, kuma har gobe ban ce ƙarya ce ba. Abin da ba a gaya mini ba, ni ma ban gaya wa kowa ba, shi ne duk abin da ka yanke ka fitar yana nan inda yake, bai je ko'ina ba.

Wannan ya kawo ni ga abu na huɗu, wanda ya fi sauran tsawo. Ku yi haƙuri da ni.

Da yawanku kun san Reino Lahti, kafinta, wanda ya cika shekara tamanin da uku a watan jiya. Tsakanin gidana da nasa ɗan lungu ne kawai, in ya yi tari ina ji. Matarsa Helmi aminiyata ce ta shekara talatin. Mace ce mai surutu, mai son fenti. Duk bayan 'yan shekaru sai ta ce ta gaji da launin gidan, sai Reino ya jingina tsani yana gunaguni. Gidan ya yi rawaya, ya yi kore, ya yi shuɗi, ya ƙare a fari. Sai ɓarin jikinta ya shanye. Ta yi shekara biyu a keken marasa lafiya, sannan Allah ya karɓi abarsa.

A watannin farko na ciwon ina shiga kullum. Daga baya na koma mako-mako. Daga baya na koma ajiye tukunyar miya a bakin ƙofa in danna ƙararrawa in juya. Gaskiyar magana ita ce na kasa jure ganin matar da ba ta taɓa barin kowa ya sa baki a hira ba tana kokawa da kalma ɗaya. Tsoro ne, ba aiki ne ya yi mini yawa ba, ko da yake haka na riƙa gaya wa kaina. Bayan jana'iza kuma kunya ta maye gurbin tsoron. Sai na zama mai ɗaga wa Reino hannu daga nesa. Shekara uku muna haka.

A watan Afrilun bara, da la'asar, na fito zubar da shara, na ga rana ta kwanta a bangon gidansa na yamma. Jama'a, ban taɓa ganin bango irin wannan ba. Tun da Helmi ta kwanta ba a sake jingina tsani ba, fentin ya ɓaɓɓare ya nannaɗe, fari ya buɗe shuɗi, shuɗi ya buɗe kore, kore ya buɗe rawaya. Ta tsakiyarsu kuma wani dogon layi ya ratsa, a karkace, ya ci dukkan launukan har ya kai ga tsuran katako. Na ruga na ɗauko kyamara da sandarta mai ƙafa uku. Na kafa ta a lungun. Na matsa kusa, na fitar da taga, na fitar da ƙofar gefe, na fitar da gangaren katakon da ke ƙasa. Na tsaya minti arba'in ina jiran gajimare ya wuce. Da ya wuce na danna, na naɗe kayana, na koma gida ina jin daɗi kamar wadda ta tsinci zinari.

Na sa masa Lamba Goma Sha Huɗu. A wannan ɗakin aka juya shi kai ƙasa, alƙalai uku suka ba shi cikakken maki, abin da ba a taɓa yi ba. Ɗaya daga cikinsu ta nuna layin ta ce shi ne ƙashin bayan hoton. Na sha tafi, kaina ya kumbura. Jaridar garinmu ta buga shi a shafin farko, kuma kai ƙasa ta buga shi, yadda wakilinta ya tarar da shi a gaban alƙalai. Na yi dariya na ce ai shi ke nan, ko ni mai shi sai na yi da gaske zan gane shi.

Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Reino yana da 'ya ɗaya, Karin, ma'aikaciyar jinya ce a birnin Milwaukee, kuma har yanzu ana aika mata jaridar gida. Ta gani, ta gane. Ranar Asabar ta tuƙo awa shida. Da yamma ta ƙwanƙwasa ƙofata, jaridar tana hannunta.

Ta ce, "Anti Lorna, kin san mene ne wannan layin?"

Na ce, "Ina jin ruwa ne, ko wani reshe ya riƙa gogawa."

Ta ce, "Hannun keken Mama ne. Gangaren ya yi ƙunci, ƙarfin Baba kuma ya ragu, duk sanda ya turo ta sai hannun keken ya goga bango. Sau biyu a rana yake fito da ita ta sha iska. Shekara biyu."

Na rasa inda zan sa kaina. Ina jiran ta zage ni, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce, "Godiya na zo yi miki. A waya kullum cewa yake komai lafiya lau, in na ce zan zo sai ya ce shi zai zo. Yau na zagaya gidan. Matakala ta ruɓe, rufin kicin yana zuba a tukunya, a firij babu komai sai man shanu da kifin gwangwani. Na samar masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ni. Ranar ɗaya ga Satumba zan zo in ɗauke shi."

Washegari na tsallaka lungun nan da na yi shekara uku ban tsallaka ba. Na tarar da Reino zaune a baranda yana wasa wuƙa.

Ya ce, "A'a, ga mai lambar yabo."

Na ce, "Reino, na zo ba ka haƙuri ne."

Ya ci gaba da wasa wuƙarsa, bai dube ni ba. Can ya ce, "Ranar nan ina tagar kicin ina kallonki. Na ce yau dai Lorna za ta shigo. Na ɗora kofi, na sauko da kofuna biyu. Na ga kin tsaya, kin tsaya, kin tsaya. Sai na ga kin naɗe kayanki. Wai me kike jira ne duk tsawon lokacin nan?"

Na ce, "Haske."

Ya ce, "To, ya zo?"

Na ce, "Ya zo."

Ya ce, "Madalla."

Na sha maganganu masu zafi a rayuwata, amma ban taɓa jin wadda ta ƙona ni kamar wannan madallar ba. Na zauna a matakalar da ta ruɓe na yi kuka, shi kuwa bai ce mini in daina ba. Da na gama ya ce, "A ɗakin nan na gaba ta cika, Lorna. In aka fitar da ni daga gidan nan, ba zan ga Kirsimeti ba, ni na san kaina. Amma yarinyar nan uwarta ce sak, in ta kafe ta kafe."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to amma ni na ja ruwan, wani yake doka. A taron ƙungiya na gaba na miƙe na karya dokarmu, na faɗi inda aka ɗauki Lamba Goma Sha Huɗu, na faɗi abin da ya jawo. Sai wani daga baya, ba zan faɗi sunansa ba tunda matarsa tana nan, ya ce, "Ashe a nan kusa yake. To kafin a shafe, ba za a bari mu ɗan..." Na juya na dube shi, ya haɗiye sauran. Wesley kuwa, a yaba masa, bai tsaya kafa kwamiti ba karon farko a tarihi. Ya ce, "Wa ke da tsani?"

Nan muka yanke shawarar gyara gidan, amma Reino ya ƙi. Ya ce shi bai taɓa karɓar sadaka ba, ba kuma zai fara a kan masu ɗaukar hoton tsatsa ba. Na ce masa, "Wa ya ce sadaka ce? Mu tara ne, babu wanda ya san kan guduma daga gindinta. In ba ka tsaya a kanmu ba rushe maka gida za mu yi." Wannan ta shige shi. Duk Asabar ɗin Yuli da Agusta yana zaune a kujera a tsakar ciyawa yana ba da umarni yana zaginmu. "Wesley, buroshi ne a hannunka ko wutsiyar saniya?" "Lorna, kankara ake yi, ba shafa kan jariri ba." Aka gyara matakala, aka toshe rufi. Ni na ɗauki bangon yamma, domin nawa ne. Da hannuna na kankare mafi kyawun abin da na taɓa ɗauka, launi bayan launi, shi kuwa yana gaya mini shekarar kowanne, rawaya da aka haifi Karin, kore da aka rufe ramin ma'adinai na ƙarshe.

Da na iso kan layin sai hannuna ya tsaya. Na ce, "Reino, ko in bar wannan?"

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Kankare. Da tana nan da tuni ta shafe shi, ta kuma yi mini faɗa a kan rashin iya tuƙi."

A ƙarshen Agusta Karin ta zo. Na tsaya a gefe ina jiran yabo, domin har lokacin ban gama koyo ba. Ta zagaya gidan, ta taka matakala, ta ce, "Ya yi kyau, sannunku da aiki. Amma Anti, ba bango ne ke hana ni barci ba. In ya zame a banɗaki, wa zai sani? Ke? Ke da kika yi minti arba'in a jikin gidan ba ki ƙwanƙwasa ba?"

Na ce, "Zan riƙa shiga kowace safiya."

Ta ce, "Ranar jana'izar Mama na ji alkawura da yawa."

Har da nawa alkawarin a ciki. Ta kalli mahaifinta, wanda ya juya baya yana yi kamar yana duba fenti. Sannan ta ce, "To, tunda ɗaukar hoto kika iya, ga sharaɗina. Kowace safiya ki aiko mini hotonsa a waya. Shi gaba ɗayansa, daga hula zuwa takalmi, a bakin ƙofa, in ga matakala, in ga ko an share hanya. Kada ki yanke komai, kada ki jira haske. Ranar da ƙarfe goma ta yi ban gani ba, washegari ina nan da mota. Ɗakin can kuma ba zan sake shi ba sai ƙanƙara ta narke."

Haka muka shiga hunturu. Ƙarfe tara na safe ina ƙwanƙwasawa, shi kuma yana buɗewa yana cewa, "Wajena aka zo ko wajen bango?" Ya ku alƙalai, da kun ga hotunan nan da kun karɓe lambar da kuka ba ni. Mutum a tsakiya cak, haske a shafe, ga shebur, ga kwandon shara, ga rabin motar maƙwabci. A rabinsu idonsa a rufe, a sauran yana murguɗa baki. Bayan hoto sai kofi, bayan kofi sai musu a kan ko za a yi ƙanƙara. A nan na san cewa a shekara ukun da na yi ina ɗaga masa hannu, akwai makonnin da ba ya magana da kowa sai mai karanta mitar wuta.

Sai wata safiya a Fabrairu na ƙwanƙwasa, shiru. Na buɗe da mabuɗin da ya ba ni. Na same shi a gado, jikinsa zafi rau, numfashi yana fita da ƙyar. Na kira likita. Kafin motar asibiti ta iso na dubi agogo, goma saura kwata. Shi ma ya duba.

Ya ce, "Lorna, aika mata na jiya."

Na ce, "Reino..."

Ya ce, "Ko na makon jiya, duk iri ɗaya ne, ba za ta gane ba. Kwana biyu zan miƙe. In ta gan ni a haka shi ke nan, na bar gidan nan. Ke kika jefa ni a wannan, ki fitar da ni. Ban taɓa roƙonki komai ba."

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, na buɗe hoton jiya, yatsana yana kai. Abu ne mai sauƙi, kuma shi ne sana'ata, in nuna abin da ke da kyau in bar sauran a waje. Na dube shi, na tuna cewa yarinyar tana can tana aiki da imanin cewa abin da nake aika mata shi ne abin da ke akwai. Sai na ja baya har bakin ƙofar ɗakin, na ɗauke shi yadda yake, da gadon, da bargon, da kofin ruwan da ya zube a ƙasa, na aika. Ya juya fuskarsa bango. Kwana huɗu yana asibiti bai ce mini uffan ba.

Ciwon huhu ne, kuma an tare shi da wuri. Karin ta iso a ranar, ta yi mako biyu. Ban tambaye ta maganar ɗauke shi ba, ita ma ba ta tayar da ita ba. Na sallama, na ce na sake jawo masa, wannan karon kuma babu fentin da zai gyara. Da ta koma ta bar shi a gida, na ci gaba da zuwa ƙarfe tara. Yana buɗewa, ya tsaya a ɗauke shi, ya rufe ƙofa, babu kofi. Sai da aka yi kusan wata guda sannan wata safiya ya bar ƙofar a buɗe ya shige ciki.

Ƙanƙara ta narke a ƙarshen Afrilu. Ranar Lahadin da ta wuce Karin ta kira ni. Na zauna kafin in ɗauka.

Ta ce, "Anti Lorna, ranar nan ta Fabrairu, ya ce ki aiko mini tsohon hoto, ko ba haka ba?"

Na ce, "Ya ce."

Ta ce, "Na san zai ce, ubana ne. Tun ranar da na kafa sharaɗin, wannan safiyar nake jira. Hoton mutum yana tsaye lafiya kowa zai iya aikowa. So nake in san ko akwai wanda zai nuna mini ranar da ba lafiya. Da kin ɓoye, da yanzu yana Milwaukee." Na ji tana jan hanci. Sannan ta ce, "Jiya na kira gidan tsofaffin na ce su ba wani ɗakin."

Reino Lahti yana gidansa. Na gayyace shi taron nan, ya ce ya ga masu kyamara iya ganinsa, a gaishe ku.

Saboda haka, ya ku 'yan ƙungiya, musamman sababbinmu, ban ce ku daina ba. Ku jira haske, ku bi layi, ku matsa kusa, ku yanke, domin hotunan da ke rataye a ɗakin nan shaida ne cewa Allah ya zuba kyau har a jikin tsatsa. Amma fenti ba ya ɓaɓɓarewa sai wani ya kasa hawa tsani, kuma shinge ba ya karkata sai wani ya kasa gyara shi. In kun gama ɗauka, ku zagaya ta gaba ku ƙwanƙwasa. Zumunci a ƙafa yake, kuma ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina tafiya a ƙafa, sai da na tsufa na san haka.

Allah ya ji ƙan Helmi, ya ji ƙan dukkan waɗanda suka riga mu. Allah ya ƙara wa Reino lafiya da tsawon kwana a ƙarƙashin rufinsa, ya saka wa Karin da alheri, ya kwantar mata da hankali. Allah ya albarkaci wannan ƙungiya, ya albarkaci wannan gari da tsofaffinsa da yaransa, ya ba mu idon ganin kyau, ya kuma ba mu ƙafar zuwa wajen juna tun muna da sauran lokaci. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sa mu ga baje kolin baɗi.

Da wannan nake buɗe baje kolin bana. Na gode.